Ɗakin da Kulu Ta Daɓe wa Kanta

Duk wanda ya tashi a lungunan Gwammaja a wancan zamani ya san Kulu mai daɓe, ko bai san fuskarta ba ya san muryarta. Gajeruwar mace ce mai faɗin tafin hannu, 'yar wani ƙauye a gabas da Kano da ba ta cika son ambatonsa ba, don ta ce ba ta baro komai a can ba sai gonar wani. Lokacin siminti bai cika birni ba. In za a kawo amarya, ko an gina sabon ɗaki, mata ake tarawa su zuba jar ƙasa da tsakuwa, su yayyafa ruwan makuba na ɓawon ɗorawa, su yi ta bugu da madaɓi har ƙasa ta kama jikinta ta yi santsi. Kulu ce ke jan gaba. Ita ke ba da waƙa ana amsawa, ita ke bin kusurwa da tafin hannu tana jin inda bai daku ba. Matan birni sukan ce ɗakin da Kulu ta daɓe, ko fura ka zubar sai ka kwashe abarka ka sha.

To ita wannan da ta gyara wa rabin unguwa wurin kwana, ba ta da ko taku ɗaya na ƙasa da za ta ce nata ne. Mijinta Tanko ɗan dako ne a Kasuwar Kurmi. Cin rani ya kawo shi, birni ya riƙe shi, ya koma ƙauye ya ɗauko ta. Cikin ganuwa kuwa gidajen gado ne, kowa a gidan kakansa yake, haya ba ta da yawa kuma ba ta da daraja. Ɗan haya ɗakin da ya rage ake ba shi, wanda ke jikin makewayi, ko wanda aka kwashe awaki daga ciki shekaranjiya.

Ɗakinsu na farko a Gwale irin na awakin ne. Kulu ta shiga ta duba, ta ɗaura ɗankwali a ƙugu. Ta toshe ramukan ɓera, ta yaɓe bango, ta shafa farar ƙasa, ta tara 'yan uwanta mata suka yi daɓe. Uwar gidan ta leƙo, ta yi salati, ta ce ashe ɗakin nan haka yake da faɗi. Wata bai mutu ba aka aiko cewa ɗan mai gida zai yi aure, kuma ba inda ya dace da amarya sai nan. Suka naɗe tabarmarsu suka fita. A gida na biyu haka aka yi, sai dai can surukar mai gida ce ta ga ɗakin ya yi mata. A na uku ma ba a tsaya neman dalili ba.

Tanko mutum ne mai sanyin hali, amma abin ya kai shi bango. Ya yi mata magana, ya sake yi, cewa ta bar ɗakin mutane yadda ta same shi, tunda dai gyaran nata ke korarsu. Ta ce ta ji. Sai dai hannun Kulu ba ya jin magana, in ta ga rami a ƙasa jikinta har ƙaiƙayi yake yi. 'Yan dako suka samu abin tsokana a Kurmi, suna cewa duk mai ruɓaɓɓen ɗaki ya ba Tanko haya, kafin salla zai karɓi ɗakin amarya kyauta. Tanko yakan yi dariya tare da su, amma dariyar ba ta wuce haƙora.

Akwai abin da ya fi tashin ci mata rai. Al'ada ce in an haihu, ungozoma ta wanke mabiyiya, wato mahaifar da ke biyo jariri, ta naɗe ta a tsumma mai tsabta ta binne a cikin gida, kusa da ɗakin uwa. Shi ya sa ɗan birni in yana tinƙaho da gidansu yakan ce nan aka binne cibiyarsa. Kulu ta haifi tagwaye, Hasana da Usaina, a gidan haya na uku. Ungozomar unguwa, wata tsohuwa mai kaifin baki da ake kira 'Yardada, ta wanke mabiyiya ta fito, amma ba ta isa ta sa fartanya a ƙasar wani ba sai da izini. Uwar gidan ta yi ɗan tunani, ta nuna can bakin kwata inda ruwan wanke-wanke ke bi. Kulu na kwance tana ji. Mai jego a gidan wani ba ta da baki. Ba su daɗe da gama wanka ba aka tashe su daga gidan, ta fita da goyo biyu tana waiwayen bakin kwata.

Daga nan suka samu ɗaki a gidan Alhaji Kyari, dillalin huluna, cikin Barebarin da suka daɗe da zama Kanawa. A nan Kulu ta ɗauki shawarar mijinta. Ta rantse ba za ta taɓa ɗakin ba, kuma ta cika. Ƙasan ya yi ramuka, bangon yamma na tsotson ruwa, ta kawar da kai. Dabarar ta yi aiki, suka shekara, suka sake shekara, ba wanda ya yi sha'awar ɗakin. Tana fita ta daɓe na wasu, ta dawo ta shimfiɗa wa 'ya'yanta tabarma a kan laima. A daminar shekarar da sojoji suka karɓi mulki, tari ya kama tagwayen. Hasana ta tashi. Usaina ciwon ya sauka mata a haƙarƙari, aka yi jiƙe-jiƙe, aka kai ta asibiti, kwana ya ƙare.

Kulu ba ta yi wa Allah tsaurin ido ba, ta san ajali ne. Amma ta gaya wa 'Yardada, ranar da ta zo yi mata ta'aziyya, cewa ta gaji da zaman da in ka gyara a kore ka, in ka bari ya cinye maka ɗa. Ana share makoki ta ɗauko madaɓinta. Ta kankare bangon nan, ta cike ramukan, ta daɓe ɗakin kamar tana dukan abokin gaba. Tanko na kallo bai hana ta ba.

Shekarun kuwa ba na daɗi ba ne. Gari ya rikice, an zubar da jini, mutanen kudu da yawa suka kwashe suka bar Kano, 'yan arewa da ke can su ma suka taho da abin da hannu ya iya ɗauka. Sai ga yaƙin basasa. Kayan da ke zuwa daga kudu suka ja baya, manja ya yi wuya, 'yan dako suka koma zaman hira a bakin rumfuna da gammo a cinya. Tanko ya yi ta dawowa hannu rabbana. Da aka ce ana ɗaukar soja, ya duba ƙarfinsa, wanda shi kaɗai ne jarinsa, ya je ya ba da sunansa. Ya tafi bayan ɗauke ruwa, ya bar mata gammonsa da Hasana da ƙaramin ciki.

Ba a jima ba ƙanin Alhaji Kyari, wanda rikici ya koro daga Fatakwal ya yi ta raɓe-raɓe a garuruwan hanya, ya iso da mata da yara, suka cika zaure. Alhaji ba mugu ba ne. Da kansa ya tsaya daga bakin ƙofa, kansa a ƙasa, ya ce wa Kulu ta yi haƙuri, jininsa ne ke kwana a zaure, amma ya ba ta har zuwa faɗuwar damina ta nemi wuri. Ta ce babu komai, ta gode. Da ya tafi ta zauna a kan daɓen da ta yi don ƙirjin Hasana, ta shafa cikinta. A ranar ta ƙudurta cewa abin da ke cikin nan ba za a nemi izinin kowa kafin a binne mabiyiyarsa ba.

'Yardada ce ta san hanya. Akwai wani kango a Gwammaja, kusa da kududdufi, masu shi sun ƙare ba magaji, ɗakunan sun zube sun zama tudu. Maƙwabta sun mai da shi juji, macizai sun mai da shi gida, kullum ana kai wa mai unguwa kuka. Tsohuwar ta ja Kulu har gabansa. Mai unguwa ya dubi cikin, ya dubi tsohuwar, ya ce wannan ai aikin maza ne, kuma ga wani mai fatu yana so ya yi ma'ajiya a wurin. 'Yardada ta tuna masa cewa ita ta yanke cibiyar duk 'ya'yansa, kuma mijin yarinyar nan yana can yana tare harsashi da ƙirjinsa. Ya ce zai kai maganar gaba. Bayan 'yan kwanaki ya aiko a kira su.

"An yarda, da sunan mijinki," ya ce. "Amma ki ji sharaɗi. In ruwa ya sauka ban ga rufi ba, ban ga hayaƙi na tashi a gidan ba, ginin zai narke, ni kuma zan ba mai fatu. Ba zan sake zama da kango a unguwata ba."

"Ranka ya daɗe, za ka ga hayaƙi," in ji Kulu.

Faɗa da baki ba wuya. Ta fara da kwashe juji, sannan ta shiga sarar tudun, don ƙasar tsohon gini ta riga ta sha kwaɓi, ta fi sabuwa kama jiki. Ta ɗebo ruwa a kududdufi, ta zuba ciyawa, ta tattake da ƙafa, ta zauna tana mulmula tubali tana jerawa a rana. Matan unguwa na leƙe ta saman katanga. Wasu suka ce abin kunya ne mace da ciki ta yi aikin lebura a tsakiyar birni, wasu suka ce ai ƙauyanci ba ya fita. Tana ji. Takan ce kunyar da ba ta hana a watso mata kaya waje ba, ba za ta hana ta kwaɓa ƙasa ba. Da safe ta yi tubali, in an kira ta daɓe ta je don abin sawa a baki, da yamma ta dawo ta juya na jiya.

Labari ya kai Kurmi. 'Yan dakon nan da suka sha tsokanar Tanko suka ji nauyi, suka riƙa zuwa ran Juma'a da hantsi suna ɗebo mata ruwa da ƙasa. Wani tsohon magini da ta daɓe wa 'ya'yansa mata ɗakunan aure ya zo ya auna, ya ɗora bango, ya ce ladan ya riga ya karɓa tuntuni. Bango ya kai inda ake so. Sai aka tsaya cak, don ba azara, itacen giginyar da ake jerawa a ɗora ƙasar rufi. A kangon an tono 'yan kaɗan da gara ta kasa ci, amma ba su kai rabi ba, kuma a shekarar azara ta fi ƙarfin matar ɗan dako. Zafi ya tsananta, iska ta fara juyawa, da la'asar gabas takan haɗe fuska ta sake. Mai fatu ya fara bi ta lungun yana duba ginin kamar mai duba akuyar da zai saya.

A nan Kulu ta yi abin da har yau tsofaffin unguwa ke ba da labarinsa suna dariya. Ta yi wanka, ta ɗaura zanenta na fita, ta yafa mayafi, ta bi gidajen da aka taɓa tashinta ɗaya bayan ɗaya. Ba roƙo ta je ba. A gidan Gwale ta yi sallama, aka gaisa, ta nemi a nuna mata tsohon ɗakinta. Amaryar da aka kore ta dominta ta zama uwar 'ya'ya, daɓen na nan ko tsagewa bai yi ba. Kulu ta buga shi da dunduniya ta dubi uwar gidan.

"Hajiya, wannan aikin hannuna ne, na bar muku shi ban ce komai ba. Yau ni ma ina gini. Azara nake so."

Amaryar ce ta fara dariya, ta ce wallahi gaskiya ne, shekara da shekaru tana kwana a kan gumin baiwar Allahn nan. Akwai azara jingine a bayan rumbu, aka ce a aiko a ɗauka. A gida na biyu sai da aka yi 'yar jayayya, surukar ta ce ita ba ta sa kowa aiki ba, amma mai gidan ya ji kunya ya bayar. A gida na uku, inda ta haifi tagwaye, ta samu an kafa turken akuya daidai bakin kwata. Ta tsaya ta daɗe tana kallon wurin. Uwar gidan ta gane abin da take kallo, ba ta bari ta yi magana ba ta ce a ba ta duk azarar da ke gidan. Alhaji Kyari bai jira an zo masa ba, da ya ji labari ya sa aka rushe wata tsohuwar rumfarsa aka kai mata itacen.

'Yan dako suka kwaso, magini ya jera, aka shimfiɗa zana aka ɗora ƙasa, aka yaɓe, aka kafa indararo. Saura daɓe. Abin takaici, lokacin ciki ya tsufa, Kulu ba ta iya sunkuyawa. Macen da ta daɓe ɗakin kowa ga nata ya zo ba ta iya ɗaga madaɓi. Ta zauna a bakin ƙofa ta yi kuka, kukan da ba ta yi ba ranar da Alhaji ya ba ta wa'adi.

Washegari da hantsi sai ga mata suna shigowa, kowace da madaɓinta. 'Yardada ce ta bi gida-gida. Akwai amaren da Kulu ta yi wa daɓe, akwai iyayensu, har da wasu cikin masu leƙe ta katanga. Aka ajiye mata kujera a tsakar gida. Ta share hawaye ta ɗaga murya ta ba da waƙa, suka amsa, ƙasa ta ɗauki rawa. Ba ta fasa halinta ba, daga zaune take faɗa, wance hannunki ya yi sanyi, wance ƙara makuba. Da aka zo kusurwar ƙarshe, inda za ta sa gadonta, ta ce a dakata. Ta rarrafa da gwiwa, ta karɓi madaɓinta, ta gama wurin da kanta a hankali, ta shafa da tafin hannu.

Daɓe na shan iska ta kwaso kayanta daga gidan Alhaji, ta kafa murhu, ta hura wuta da ɗanyen kara don hayaƙin ya yi kauri. Mai unguwa ya zo wucewa ya tsaya, ya ɗaga kai, ya ce Allah ya sanya alheri, ya wuce. Ba a yi mako ba hadari ya haɗo da la'asar, aka tsuge da ruwa. Kulu ta tsaya a tsakiyar ɗakin riƙe da hannun Hasana tana bin rufi da ido, ko ɗigo. Ta leƙa waje ta ga indararo na feshi, ta ce ashe haka ruwa yake da daɗin ji.

Naƙuda ta zo wata safiya. Namiji ne, wanda aka raɗa wa Jibrin. 'Yardada ta yanke cibiya, ta wanke mabiyiya ta naɗe, ta ɗauki fartanya ta fita tsakar gida. Sai ta tsaya tana waige-waige, don shekara da shekaru in ta karɓi haihuwar 'yar haya, ƙafarta ɗakin uwar gida take nufa. Kulu ta hango ta daga kan gado.

"Iya, wa kike nema?"

Tsohuwar ta dubi fartanya, ta dubi Kulu, ta fashe da dariya har da ƙwalla.

"To, uwar gida, a ina za a sa?"

"Nan ƙofar ɗakina, inda zan riƙa gani kullum. Ki yi rami mai zurfi, Iya, ba inda za mu."

Kulu ta dasa lalle a gefen wurin. Tanko ya dawo bayan an gama yaƙi, ya rame, kunne ɗaya ya daina ji. Gidan Alhaji ya nufa, aka haɗa shi da mai nuna masa hanya zuwa gidan Kulu mai daɓe. Ya tsaya a ƙofar ɗaki ya daɗe, sannan ya sunkuya ya kwance takalmansa na soja ya ajiye a waje kafin ya taka daɓen. Bai iya dogon zance ba, abin da ya ce kawai shi ne daga yau ta gyara duk abin da ta ga dama.

Ta kuwa gyara. Tarin Hasana ya tafi bai dawo ba. Yarinyar da aka haifa a gidan haya, ta zauna a makaranta ɗaya har ta sauke, kuma a zauren da Tanko ya gina aka ɗaura aurenta. Jibrin ya tashi da abokan da bai taɓa rabuwa da su ba, da maƙwabtan da ke tsawata masa kamar ɗansu. Ita kanta Kulu mutane sun ce har tafiyarta ta sake, ta daina rage murya in ta ji takun mai gida. Kowace shekara kafin damina ita ke tsaye a kan yaɓe, ko bayan siminti ya zo ya kashe mata sana'a.

Da ƙarfi ya samu suka ƙara ɗakuna, ɗaya suka ba wani mai gyaran keke haya, shi da matarsa, baƙi daga ƙauye. Matar ta kwana biyu tana kallon wata 'yar tsaga a bango ba ta taɓa ba. Kulu ta lura, ta miƙa mata kwaɓaɓɓiyar ƙasa, ta ce ta gyara abinta, a gidan nan gyara ba ya korar kowa. Shekara ta zagayo matar ta haihu. Lokacin 'Yardada ta riga ta rasu, wata sabuwar ungozoma ce ta fito da ƙunshin mabiyiya a hannu, ta zo ƙofar Kulu ta rusuna tana neman a nuna mata wuri, ko can baya ne wajen kwata.

Kulu ta miƙe da ƙyar, don gwiwa ta fara ba ta wahala. Ta karɓi fartanyar, ta je gindin lallen nan da ya girma ya yi inuwa, ta sari ƙasa da kanta kusa da inda aka binne mabiyiyar Jibrin.